Hatsarin jirgin Sultana na 1865: faci ne, lodi ne, ko ruwan tukunya? Kuma wace doka ya gyara?

Garba_Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu ilmin inji da masu ilmin doka. Jirgin ruwa mai tururi da ake kira Sultana ya tarwatse a kogin Misisifi da misalin ƙarfe 2 na dare, wayewar garin 27 ga Afrilu 1865, mil 7 arewa da Memphis. Takardarsa ta ba shi izinin ɗaukar mutum 376, amma ranar sama da 2,100 ne a cikinsa, galibi sojojin gwamnatin tarayya da aka sako daga sansanonin fursuna na Cahaba da Andersonville a ƙarshen yaƙin basasar Amurka. Sama da 1,100 suka rasu. Ana yawan cewa wannan hatsarin ne ya sa aka gyara dokokin lafiyar jiragen ruwa. Ni dai maganar ba ta shige ni ba. Me ya fasa tukunyar tururin? Kuma wace doka ce za a nuna a ce Sultana ce ta haife ta?

MaiWalda_Kakuri:
Wa alaikumus salam Malam Garba. Ni a wajena faci ne. Tun jirgin bai iso Vicksburg ba, garin da aka loda masa sojojin, yana tahowa daga New Orleans, tukunya ɗaya daga cikin huɗun ta kumbura ta fara yoyo a wajen haɗi. Ranar 23 ga Afrilu aka kira mai gyaran tukunya, R. G. Taylor. Abin da ya ce a yi shi ne aikin gaskiya: a yanke fallen ƙarfen da ya lalace a sa sabo, aikin kwana biyu zuwa uku. Kyaftin James Cass Mason da babban injiniyansa Nathan Wintringer suka ce babu wannan lokacin, don in suka tsaya wani jirgin zai kwashe sojojin. Sai aka bubbuge kumburin da guduma ya koma, aka ɗora faci mai kaurin kwatan inci, alhali jikin tukunyar ya ɗan haura sulusin inci. Kuma ku tuna babu walda irin ta yau a zamanin, huda ƙarfe ake yi a zura ƙusa mai zafi a daddaƙe kanta. Kowace huda rauni ce. Ƙarfen da wuta ta riga ta kumbura shi, ka mayar da shi da guduma, ka sake hudawa, me ya rage a jikinsa?

Malam_Lissafi:
Bari in sa lamba a maganar MaiWalda. Dokar 1852 ta kafa ma'auni: sabuwar tukunya mai faɗin inci 42 da kaurin kwatan inci, iyakar matsin da aka yarda mata shi ne fam 110 a kan kowane inci murabba'i. Sauran tukwane a kan wannan ake auna su. Faɗi ya ƙaru, matsi ya ragu. Kauri ya ƙaru, matsi ya ƙaru. Tukwanen Sultana faɗinsu inci 46 ne, tsawo ƙafa 18. Ɗauki 110 ka ninka da 42 ka raba da 46, za ka samu 100.4. Wannan shi ne abin da ƙarfe mai kaurin facin zai ɗauka bisa doka. Ita kuwa tukunyar an ba ta izinin 145 saboda kaurinta na asali. Sufeto J. J. Witzig wannan lissafin ya yi, ya ɗora laifin a kan facin. Tunda tukwanen huɗu a haɗe suke, matsi ɗaya ke cikinsu duka, kenan faci ɗaya ya isa a sauke dukkansu zuwa 100.

Injiniya_Sani:
Lissafin daidai ne Malam, amma hukuncin da aka ɗora a kai ne nake da ja. Masu binciken baya-bayan nan ba su ɗauki facin a matsayin inda fashewar ta fara ba, sun ɗauke shi alamar cewa tukwanen gaba ɗaya ba su da lafiya. Tambayar ita ce me ya kumbura ƙarfen tun farko.

Irin tukunyar da aka saba da ita a kogin tana da manyan bututun wuta guda biyu, mutum na iya shiga ya kankare. Ta Sultana kowace ɗaya bututu 24 gare ta, masu faɗin inci 5, a cushe kusa da juna. Tana ba da tururi da yawa da ɗan makamashi, shi ya sa aka so ta. To amma ruwan da ake zuba mata daga kogin ake jawo shi kai tsaye, ba tacewa, kuma Misisifi ta ƙasa ruwan laka ne. Lakar sai ta kwanta tsakanin bututun da gindin tukunya ta daskare kamar ƙanzo a tukunyar tuwo. Ruwa shi ke sanyaya ƙarfe. Duk inda laka ta shiga tsakaninsu, wurin zai yi ta ɗaukar zafi har ya yi laushi, matsin ciki ya tura shi waje ya zama kumburi. Akwai wurin tara laka a ƙasa da bawul ɗin zubar da ita, amma ba ya cire wadda ta riga ta manne tsakanin bututu 24.

Ga kuma shi kansa ƙarfen. Irin wanda ake narkawa da gawayi a buga ne, kuma binciken da injiniya Pat Jennings na kamfanin inshorar tukwane na Hartford ya yi a 2015 ya nuna cewa yawan zafi da sanyi yana sa shi gautsi. Daga baya an daina yin tukunya da shi.

Bn_Isa:
Duk kun bar lodi a baya. Mutum 376 a takarda, 2,100 a jirgi. Wane faci kuma?

Injiniya_Sani:
Ɗan'uwa Bn_Isa, lodi shi ya sa gawa ta yi yawa, amma nauyin mutane ba ya fasa tukunya kai tsaye. Ta hanya biyu yake shiga. Na ɗaya, jirgi mai nauyi yana haurawa gaba da ruwa lokacin da kogi ya tumbatsa, dole a riƙe tururi a sama. Na biyu shi ne tangaɗi, kuma shi ya fi muni.

Kyaftin_Baro:
Bari in ɗora a kan tangaɗin. Waɗannan jiragen gindinsu shimfiɗaɗɗe ne, ba sa shiga ruwa da zurfi, sannan a gina hawa a kan hawa. Sojojin an baza su har saman rufi, sai da aka tokare benayen da manyan katakai don sun fara lotsawa. Nauyi ya koma sama kenan. A garin Helena, ranar 26 ga Afrilu, da mai hoto Thomas Bankes ya kafa na'urarsa a bakin gaɓa, mutane suka ruga gefe ɗaya don su fito, jirgin ya karkata har ma'aikata suka tsorata. Wannan hoton yana nan har yau. A Memphis kuma da yamma aka sauke sukari kusan tan 120 daga can cikin gindin jirgin. Shi ne nauyin da ke riƙe shi daga ƙasa. Aka ɗauki kwal, aka tashi tsakar dare.

Tukwanen huɗu a jere suke gefe da gefe, bututun ruwa ya haɗa su ta ƙasa. Jirgi ya kwanta hagu a kan kwana, ruwa ya gangara tukunyar hagu, ta dama ta ragu. Layin bututun wuta na sama ya fito fili ba ruwa a kansa, wuta kuwa tana ci. Jirgi ya dawo daidai, ruwa ya koma ya bugi jan ƙarfe. Injiniya na biyu da ke bakin aiki a daren, Samuel Clemens, ya ba da shaida kafin ƙunar ta kashe shi cewa jirgin yana karkata. Kar a haɗa shi da marubucin nan Mark Twain mai suna iri ɗaya, ba shi ba ne.

Ummu_Khalil:
Don Allah a fahimtar da ni. In tukunya ta tsage, ba sai tururin ya huce ya fita ba? Me ya kawo tashin bene uku?

Malam_Lissafi:
Hajiya, ba tururin da ke sama ne abin tsoro ba, ruwan ne. A sarari ruwa yana tafasa a digiri 100. A ƙarƙashin matsin fam 145 sai ya kai kusan digiri 184 yana nan a ruwansa, matsi ne ya danne shi. Da zarar ƙarfe ya tsage matsin ya faɗi, wajen kashi 15 cikin ɗari na ruwan zai koma tururi nan take, kuma kowace lita in ta zama tururi a sarari tana neman wurin lita 1,600 ko fiye. Tukunya mai tsawon ƙafa 18 ba ƙaramin ruwa take ɗauka ba. Ta farko da ta fashe, biyu suka biyo ta a ƙiftawar ido, uku cikin huɗu kenan. Fashewar ta yi sama ta keta benaye ta ɗauke ɗakin matuƙi, bututun hayaƙi biyu suka faɗo, katakon bene ya rufta kan murhun da ya buɗe. Jirgin katako ne mai fenti, sauran aikin wuta ce ta yi.

Damagaram77:
Ni na ji an ce bam ne. Wai 'yan kudu, waɗanda suka yaƙi gwamnatin tarayya, suna da ƙarfe da ake zubawa da siffar dunƙulen kwal a cika shi da albarushi.

Garba_Tarihi:
Wannan makamin gaskiya ne an yi shi, Thomas Courtenay ya ƙera. Maganar Sultana kuwa a 1888 ta fito a wata jaridar St. Louis, inda William Streetor ya ce Robert Louden ya faɗa masa shi ya yi. Shekara 23 bayan hatsarin, kuma Louden ya riga ya mutu.

Injiniya_Sani:
Kuma jikin jirgin bai goyi bayan labarin ba. Kwal a murhu ake zuba shi, murhun yana gaba ta ƙasan tukwane. Fashewar ta fito ne daga baya ta sama. In albarushi ne cikin kwal, murhu zai fara tarwatsewa, 'yan wuta su fara tafiya. A ajiye maganar bam.

MaiWalda_Kakuri:
Injiniya, na ji bayaninka a kan laka, amma ban sauka daga kan faci ba. Ko ba shi ya fara tsagewa ba, mai hankali in ya ga tukunya ɗaya ta kumbura ya san sauran ukun ruwa ɗaya suke sha, wuta ɗaya suke ci. Kamata ya yi a kashe wuta, a bar su su huce, a buɗe dukkansu a kankare, a gwada da ruwa. Wannan shi ne kwana ukun da aka ƙi bayarwa.

Barista_Hauwa:
Bari in koma tambayar Malam Garba ta biyu, don an yi nisa cikin ƙarfe. Dokokin sun riga Sultana. Ta farko 1838 ce, shekarar da jirgi Moselle ta fashe a Cincinnati cikin Afrilu, Pulaski kuma a teku cikin Yuni. Doka ce mai rauni: alƙalin yanki ke naɗa sufeto, mai jirgi ke biyansa kuɗin dubawa, kuma babu gwajin matsi. Kallo da ido ne kawai a sa hannu.

Ta 30 ga Agusta 1852 ita ce mai haƙori. Ta kafa manyan sufetoci tara a ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi, ta wajabta lasisi ga matuƙa da injiniyoyi, ta sa a buga tambarin masana'anta a fallen ƙarfen tukunya, ta kawo gwaji da ruwa, ta kawo wancan ma'aunin na 110 da Malam_Lissafi ya yi aiki da shi. Sultana a ƙarƙashin wannan dokar take, kuma an duba ta a St. Louis ranar 12 ga Afrilu 1865, kwana 15 kafin ta fashe, aka ba ta takarda. Saboda haka ba rashin doka ba ne.

Wadda ta biyo baya ita ce ta 28 ga Fabrairu 1871. Ta ƙirƙiro babban sufeto guda ɗaya a kan sauran, ta sa kyaftin da mataimakinsa ma sai da lasisi, ta faɗaɗa kariya ta haɗa da ma'aikatan jirgi ba fasinja kaɗai ba. Shekara shida tsakani, kuma a tsakanin an yi wasu haɗurran, kamar gobarar jirgin Stonewall a 1869. A ce Sultana na cikin abin da ya taru ya haifi dokar 1871, na yarda. A ce ita kaɗai ce, a'a.

Ummu_Khalil:
Yaya ake gwajin da ruwa? Me ya sa ba da tururi ba?

Sufeto_MaiRitaya:
Ana kashe wuta a cika tukunyar da ruwa fal, a fitar da iska gaba ɗaya ta sama, a toshe bawul ɗin tsaro, wato mai sakin tururi in matsi ya wuce ƙima, da duk wata mafita, sannan a dinga tura ruwa da famfon hannu har agogon matsi ya kai ninki ɗaya da rabi na matsin aiki. Dokar 1852 ta ce 165 ga mai aiki da 110. Sai a riƙe shi a nan a bi haɗi-haɗi da kan ƙusoshi ana neman zufa, ɗigo ko kumburi. Dalilin ruwa shi ne ba ya matsuwa. In wuri ya tsage, ɗan ruwa ne zai fita matsin ya faɗi, ba wanda zai ji ciwo. In an bar iska a ciki kuwa an ɓata gwajin, don ita tana matsuwa tana tara ƙarfi.

Amma gwajin yana da iyaka. Ƙarfen a sanyaye ake gwada shi. Ba ya nuna abin da zai faru in laka ta rufe wuri ya yi ja, ba ya nuna ruwa zai yi ƙasa a tsakar dare. Wannan aikin mai tsaron tukunya ne. A lokacin da ƙananan famfuna uku a jere sama da ƙasa ake duba ruwa, a buɗe a ga ruwa ne ya fito ko tururi. Ruwan laka yana kumfa, kumfar ta fito ta famfon sama, mutum ya ɗauka tukunya a cike take alhali ta yi ƙasa.

Dan_Yauri:
Ku yi haƙuri in ɗan fita layi. Mu nan babu tukunyar tururi, amma sauran abin duka muna da shi: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, kogi a cike, ba rigar ruwa. Na Patigi a Yunin 2023 sama da mutum 100 ne, 'yan biki suna dawowa da dare. Kuɗin mai jirgi a kan kai yake, kowane ƙarin mutum riba ne, kuma a bakin gaɓa ba mai ƙirga.

Kyaftin_Baro:
Tsarin biyan Sultana ma haka yake, Ɗan Yauri. Gwamnati a kan kai take biya, na hafsa ya fi na ƙaramin soja. Tunda kuwa ka kawo kogin Neja, jiragen tururi sun shigo ta tun kafin Sultana. Pleiad ta hau Binuwai a 1854 da Baikie, Dayspring kuma ta bugi dutse ta lalace kusa da Jebba a 1857. Matsalar nan duwatsu ce da yashi.

Garba_Tarihi:
A dawo Vicksburg jama'a. Wa ya ƙirga mutanen?

Barista_Hauwa:
Nan ne abin takaicin. Kanar Reuben Hatch shi ne mai kula da sufurin soja a garin, kuma shi ake zargi da yarjejeniyar samun kaso da Kyaftin Mason. Tun farkon yaƙi an taɓa tuhumarsa da almundahana a Cairo ta jihar Illinois, ya tsira, ɗan'uwansa Ozias Hatch babban jami'in jihar ne kuma aminin shugaban ƙasa Lincoln. Kyaftin Frederic Speed yana can sansanin Camp Fisk yana turo mutane a jirgin ƙasa, a zatonsa ba su kai haka ba. Kyaftin George Williams shi ke bakin gaɓa. Kyaftin William Kerns ya yi ta roƙo a raba su, ga wasu jiragen, Lady Gay da Pauline Carroll, duka suka bar Vicksburg ba a ba su fursuna ko ɗaya ba.

Speed kaɗai aka gurfanar a kotun soja. An same shi da laifi a 1866, sai babban alƙalin soja Joseph Holt ya soke hukuncin, bisa hujjar cewa ba shi ya sa mutane cikin jirgin ba. Hatch ya bar aikin soja, sammaci bai kawo shi kotu ba. Mason ya mutu a hatsarin. Ba wanda ya yi kwana ɗaya a gidan yari.

Bn_Isa:
Kun ga abin da nake faɗa. Lodi ne, kuma kuɗi ne ya kawo lodin.

Hajiya_Binta_Jos:
Labarin ma bai samu fili ba. An harbi Lincoln ranar 14 ga Afrilu, an kashe Booth da ya harbe shi ranar 26, kwana ɗaya kafin hatsarin. Jaridun gabashin Amurka hankalinsu na can. Ƙasar da ta yi shekara huɗu tana ƙirga gawa dubu-dubu ba ta girgiza ba. Adadin ma har yau ana ja: hukumar kwastan ta rubuta 1,547, tsofaffin littattafai 1,700 zuwa 1,800, Gene Salecker da ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya ya tsaya a wajen 1,160 da 'yan kai.

Sufeto_MaiRitaya:
Kayan ceto kuma: rigunan ruwa 76, ƙaramin jirgi ɗaya, jirgin ceto ɗaya. Ko mutum 376 ɗin ba za su wadatar ba. Kogin a wasu wurare ya kai mil 3 a faɗi saboda ambaliya, ruwan sanyi ne na narkewar ƙanƙara, mutanen kuma yunwar sansani ta cinye su. Wata jirgi, Bostona, da ke gangarowa ita ta fara isowa, ma'aikatanta suka dinga jefa katakai da duk abin da zai yi iyo. Wasu a kan bishiyoyin da ruwa ya shanye aka tsince su da safe. Ragowar jirgin ya nutse ta ɓangaren Arkansas, kogin ya sauya hanya daga baya, a 1982 Jerry Potter ya gano wurin a ƙarƙashin gonar waken soya.

Kuma kar a ɗauka dokar 1871 ta rufe wannan ƙofar. A 1904 jirgi General Slocum ta kama da wuta a New York, mutum 1,021 suka mutu, rigunan ruwan sun ruɓe, tiyon kashe gobara ya fashe da aka buɗe ruwa. Ita ma tana da takardar sufeto.

Injiniya_Sani:
Barista ta duba majalisa, ni kuma ina ganin canjin da ya fi sauri daga 'yan inshora ya zo. A farkon 1866 jirage biyu masu irin wannan tukunyar, Missouri da W. R. Carter, suka fashe 'yan kwanaki tsakani. Daga nan masu inshora suka juya wa tukunya mai bututu da yawa baya a Misisifi ta ƙasa, masu jirage suka cire su suka koma mai bututu biyu. A shekarar ce kuma aka kafa kamfanin Hartford Steam Boiler a Connecticut, wanda tsarinsa shi ne ya turo nasa mai dubawa kafin ya karɓi tukunya, don in ta fashe aljihunsa ne zai biya.

Barista_Hauwa:
Ranka ya daɗe, Hartford galibin aikinsa tukwanen masana'antu ne na tudu, kuma waɗanda suka kafa shi sun fara tattauna matsalar tun kafin yaƙi. Ƙa'idar ƙera tukunya ta ƙungiyar injiniyoyin Amurka ma sai 1914 aka kammala ta, kuma fashewar masana'antar takalma ta Brockton a 1905 ta fi Sultana hannu a ciki.

MaiWalda_Kakuri:
Sufeto, tambaya ɗaya. A ƙa'idar yanzu, in an yi irin facin Taylor, me za a yi kafin a kunna wuta?

Sufeto_MaiRitaya:
Ba za a ɗora faci a kan wurin da ya kumbura da wuta a tafi ba. A yanke har inda ƙarfe yake da lafiya, a auna kaurin kewaye, a sa falle irin na asali da kauri ɗaya, mai walda mai takarda ya yi, a duba haɗin, a yi gwajin ruwa a gaban mai dubawa. In dole ne a yi aiki da wuri mai ƙarancin kauri, sai a sake lissafin matsi da wannan kaurin, a sauke bawul ɗin tsaro zuwa sabuwar lambar a sa masa hatimi. A Sultana lambar 100 ce. Da 100 kuwa, da mutum 2,100 a sama da kogi a cike, Kyaftin_Baro ne zai faɗa mana ko za ta iya haurawa Cairo, inda ta nufa.

Kyaftin_Baro:
Za ta haura, amma a hankali, tana bin gefe inda ruwa ba shi da ƙarfi. Sai dai saukar da matsi ba ya hana ruwa gudu daga tukunya zuwa tukunya in ta kwanta a kwana. Wannan sai an sauko da mutane daga saman rufi, ko a bar sukarin a gindinta har Cairo.